pg_dump, pg_basebackup ko pgBackRest: wanne zai fitar da kai ranar da aka goge tebur?

Duk inda masu kula da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, suka haɗu sai ka ji ana musun wane bakof ne ya fi, wato wace hanyar ajiye kwafin bayanai, wannan ya ce pg_dump ya ishe shi, wancan ya ce in ba pgBackRest ba to babu, wani kuma ya ce ai shi yana da saba ta biyu mai kwafar komai kai-tsaye, bai ga abin da zai yi da bakof ba. Ni kam kafin in sa baki sai na ji amsar tambaya biyu. In abu ya lalace yanzun nan, aikin minti nawa ko awa nawa za ka iya yin asararsa ba tare da ido ya raina fata ba? Sannan awa nawa mutane za su iya jira kafin komai ya dawo? Waɗannan su ke zaɓa maka kayan aiki, sunan da ya fi tashe ba ruwansa a ciki.

Amma sai an fahimci WAL tukuna, don duk rigimar a kansa take. Idan ka yi komit, wato ka tabbatar da canjin da ka yi, PostgreSQL ba ya zuwa ya gyara fayil ɗin tebur nan take. Canjin yake fara rubutawa a wani kundi na daban, ya tabbatar ya sauka kan faifai, sannan ya ce maka an gama, su kuwa ainihin shafukan tebur suna zaune a memori sai daga baya a sauke su. Wannan kundin shi ne WAL, ya shigo tun siga ta 7.1 a 2001. In na'ura ta mutu bagatatan, da ta tashi sai ya karanta kundin ya maimaita abin da bai kai ga saukewa ba. Fayilolin suna cikin folda pg_wal, kowanne megabait 16 in ba ka canza ba, da sunaye marasa daɗin karantawa irin 000000010000000A0000003F. A da sunan foldar pg_xlog ne, mutane suna ganin faifai ya cika sai su ɗauka tarkacen rahoto ne su goge, rumbun bayanai ya lalace, har ta kai aka sauya sunan a siga ta 10 a 2017.

To in kana da cikakken kwafin foldar bayanai na daren Lahadi, kana kuma da kowane fayil na WAL tun daga wannan daren ba tsallake ko ɗaya, za ka iya maimaita tarihin ka tsaya a duk daƙiƙar da ka ga dama. Shi ne PITR, wato dawo da rumbu zuwa wani takamaiman lokaci, yana nan tun siga ta 8.0 a 2005. Ka lura da "ba tsallake ko ɗaya" ɗin nan fa. Fayil guda ya ɓata a tsakiya, to a nan tafiya ta tsaya, duk na bayansa sun zama aikin baban giwa.

Mu fara da pg_dump tunda kowa da shi ya fara. Gaskiya ana raina shi fiye da kima. Yana ɗaukar bayanai yadda suke a lokacin da ya fara, daidai, ko da ana ta rubutu yana aiki, ba ya hana masu karatu ko masu rubutu, sai dai wanda ya zo zai canza tsarin tebur da ALTER TABLE ne zai sha jira. Abin da ya fitar za ka iya loda shi a sabuwar siga, ko a wata irin na'ura daban, in kuma ka yi shi da -Fc to pg_restore zai ciro maka tebur ɗaya tak ba sai ka dawo da duka ba, wanda sauran hanyoyin nan ba sa iyawa cikin sauƙi. Akwai wani amfaninsa da ba a cika faɗa ba, tunda sai ya karanta kowane layi, in akwai shafin tebur da ya lalace a faifai shi ne zai fara yi maka ihu.

Matsalarsa ita ce hoto ne na lokaci ɗaya. Ka yi shi ƙarfe biyun dare, abu ya faru ƙarfe huɗun yamma, aikin awa 14 ya tafi. Kuma kar wani ya ruɗe ka wai za ka loda pg_dump sannan ka ɗora WAL a kai, ba ya yiwuwa sam, shi WAL da lambar shafi da wurin zama a fayil yake magana, rumbun da aka loda daga pg_dump kuwa sabon gini ne, shafukansa ba a inda na da suke ba. Sai maganar jira: lodawa na nufin a sake zuba duk layuka, a sake gina kowane indes, wato jerin da ke saukaka bincike, daga farko, a sake duba duk ƙa'idojin da ke tsakanin tebura. A gigabait 5 ba za ka ji ba, a terabait ɗaya ko da ka sa -j ya raba aikin za ka kwana a kai. Yayin ɗaukar ma, in ya daɗe, yana riƙe tsohon lokaci ya hana VACUUM share matattun layuka, tebura su kumbura. Ƙaramin abu kuma da ke kayar da mutane, pg_dump ba ya ɗaukar sunayen masu shiga, sai ka haɗa da pg_dumpall --globals-only.

Abin da ya faru da kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairun 2017 ya isa misali, su da kansu suka wallafa bayanin dalla-dalla. Wani injiniya yana ƙoƙarin gyara saba ta biyu sai ya goge foldar bayanai a kan babbar, kusan gigabait 300, kafin ya farga saura kamar 4.5. Aka je ɗauko pg_dump aka tarar babu komai, ashe na siga 9.2 ne ke gudu a kan rumbun 9.6, yana faɗuwa kullum, imel ɗin da ya kamata ya sanar da su kuma ba ya isowa. Abin da ya cece su wani kwafin faifai ne da aka yi kimanin awa shida kafin nan don wani aiki daban, bayanan wannan awa shidan kuwa sun tafi. A ganina ba pg_dump ne ya yi laifi ba, rashin mai dubawa ne, kuma da suna ajiye WAL a gefe da asarar ba ta kai haka ba.

Mai cewa saba ta biyu ta wadatar, wannan amsarsa gajera ce. Tana cetonka in babbar ta ƙone, ba ta cetonka daga hannunka. Ka buga DROP TABLE a nan, kafin ƙiftawar ido ta yi biyayya ta goge nata. Akwai dabarar recovery_min_apply_delay, ka sa ta riƙa bin babbar a baya da awa ɗaya ko biyu, yana da kyau ƙwarai in an gano ɓarnar da wuri, in kuwa sai bayan kwana uku wani ya ce lissafi bai daidaita ba to ta riga ta wuce wurin.

Yanzu ga inda na fi so in daɗe, wato haɗa pg_basebackup da archive_command da hannunka. pg_basebackup ya zo a siga ta 9.1, yana kwafe dukkan foldar bayanai yadda take, shafi da shafi, kuma tun siga ta 10 yana jawo WAL ɗin da aka rubuta yayin kwafin ba sai ka roƙa ba, don haka kwafin kansa zai iya tashi shi kaɗai. Don samun PITR sai ka kunna archive_mode, wanda ke buƙatar a kashe saba a kunna, ka ba shi umarnin da zai riƙa gudanarwa duk sanda fayil ɗin WAL ya cika. Misalin da kowa ke kwafa daga takardun PostgreSQL shi ne:

test ! -f /ajiya/%f && cp %p /ajiya/%f

Layi ɗaya, gwanin sha'awa, a nan kuwa gizo ke saƙar. Shi PostgreSQL abu ɗaya ya sani, in umarnin ya dawo da sifili to fayil ya tsira, yana da damar sake amfani da wurin. cp kuwa ba ya jira abu ya sauka kan faifai kafin ya ce ya gama, in na'urar ajiya ta mutu a wannan tsakanin za ka iya wayar gari da fayil rabi ko fanko, na asali kuma an riga an taka shi. Takardun ma sun faɗa cewa misali ne kawai ba shawara ba, amma wa ke karanta wannan layin.

In kuma umarnin ya riƙa faɗuwa, misali wurin ajiya ya cika ko makullin shiga ya daina aiki, PostgreSQL ba zai jefar da komai ba, zai yi ta gwadawa, fayiloli su yi ta taruwa a pg_wal. Mutane na ɗauka max_wal_size, wanda asalinsa gigabait 1 ne, zai tsayar da abin. Ba zai tsayar ba, ba katanga ba ce. Ka leƙa pg_wal/archive_status ka ga dubban fayiloli masu ƙarewa da .ready, faifai ya kai kashi 100, saba ta yi PANIC ta kwanta. Wani abin da ke jawo irin wannan shi ne silot ɗin kwafi da aka manta da shi, an kashe saba ta biyu tun tuni amma silot ɗinta na nan yana riƙe WAL yana jiran wadda ba za ta dawo ba, shi ya sa aka kawo max_slot_wal_keep_size a siga ta 13, kuma ba a saita shi da kansa, kai za ka sa. Don Allah ranar da haka ta same ka kar ka buga rm a cikin pg_wal, kar kuma ka garzaya ga pg_resetwal don wani ya ce yana tayar da saba. Yana tayarwa kam, amma da bayanan da ba wanda zai rantse a kansu. Ka ƙara faifai ko ka kwashe wasu abubuwan daban, ka tayar, ka gyara umarnin, shi da kansa zai kwashe tarin. Ka kuma riƙa duba pg_stat_archiver, failed_count da last_archived_time sun isa su gaya maka tun kafin ta kai nan.

Sai wani tarko na masu ƙaramin rumbu. Fayil ba ya tafiya ma'ajiya sai ya cika megabait 16, in rubutunka kaɗan ne yana iya yin awanni bai cika ba, ka zauna kana ganin kana da PITR alhali aikin safiya duka na kan faifan da zai mutu. Maganinsa archive_timeout, ka sa minti ɗaya ko biyar ya tilasta a rufe fayil a tura, sai dai kowanne zai fita da cikakken girmansa ko da rabinsa wofi ne, dole ka riƙa matse su. Wanda ba ya son asarar ko minti ɗaya sai ya koma pg_receivewal mai jan WAL yana fitowa.

Sannan sharewa. Wane WAL ne ya tsufa? Duk wanda ya girmi bakof mafi tsufa da kake riƙe da shi, ba wanda ya wuce kwana bakwai ba. Da yawa suna sa cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ya goge abin da ya kwana bakwai, bakof ɗinsu kuma na kwana tara ne saboda na makon nan ya faɗi ba su sani ba, shi ke nan an yanke tsakiya. Siga ta 17 a 2024 ta kawo bakof na ƙari, ka kunna summarize_wal, pg_basebackup --incremental ya ɗauki abin da ya canza kawai, pg_combinebackup ya haɗe su ranar buƙata. Ci gaba ne sosai, amma lissafin wanne ya dogara da wanne har yanzu a wuyanka yake.

Bari mu ga ranar kanta. A ce ƙarfe 2:37 na rana wani ya buga DELETE ya manta WHERE, wato ya share duk layukan tebur. Abu na farko, ba a dawo da bakof a kan sabar da ke aiki, wata na'ura za ka nema mai faifai da ya kai girman rumbun duka, don PITR ba ya san tebur ɗaya ba, komai yake dawowa da shi, kuma sai babbar siga iri ɗaya. Ka zuba bakof, ka rubuta restore_command, ka sa recovery_target_time zuwa 2:36, ka rubuta bambancin agogo a jikin lokacin ƙarara, don saba na iya zama a UTC kai kana kallon agogon hannunka. Ka ƙirƙiri fayil fanko mai suna recovery.signal. In ka ga bayani a intanet yana cewa recovery.conf to na kafin siga ta 12 ne, yanzu in fayil ɗin na nan ma saba ƙin tashi za ta yi. Da ya iso lokacin zai dakata ya bar ka ka shiga ka duba, in layukan na nan sai ka ciro teburin da pg_dump ka mayar wa babbar, ka ga ashe ba rabuwa da shi za ka yi ba. In kana son tsayawa daf da ɓarnar, pg_waldump zai taimaka ka gano lambar aikin, ka sa recovery_target_xid tare da recovery_target_inclusive a kashe. In ka zarce ka wuce wurin babu komawa baya, sai ka sake zuba bakof daga farko. Kuma maimaita WAL aiki ne na ma'aikaci ɗaya, ba ya rabuwa, in bakof ɗinka na kwana shida ne a rumbu mai yawan rubutu, WAL na kwana shida za ka zauna kana kallo yana wucewa. Yawan bakof shi ke rage wannan jiran.

Duk wannan wahalar ita ta haifi kayan aiki uku: pgBackRest da Barman da WAL-G. pgBackRest, wanda David Steele ya fara da Perl daga baya aka sake rubuta shi da C, shi na fi miƙa wa mutane. Yana yin bakof cikakke da na bambanci da na ƙari, yana raba aiki ga ma'aikata da yawa wajen ɗauka da wajen dawowa, yana matsewa, yana rufewa da makulli, yana ajiyewa a faifai ko a ma'ajiyar gajimare irin S3 ko Azure ko GCS, har wuri fiye da ɗaya a lokaci guda. Mafi muhimmanci, shi ya san wane WAL ne na wane bakof, ka ce masa riƙe cikakku huɗu, sauran lissafin nasa ne. Ga --delta, maimakon ya goge folda ya sake zubawa sai ya duba abin da ya bambanta kawai ya gyara, a babban rumbu wannan kaɗai na iya mayar da awanni mintuna. Yana da archive-push-queue-max, in ma'ajiya ta ɓace WAL ya taru ya kai iyakar da ka sa, zai fara jefarwa don babbar saba ta rayu, sai dai ka sani PITR ya karye daga nan har sai ka yi sabon bakof. Zaɓi ne mai ɗaci amma gara a ce kai ka yi shi da idonka biyu. Kuɗin shigarsa shi ne zaman koyon saiti, ranar farko sai ka yi haƙuri da shi.

Barman na 2ndQuadrant ne asali, yanzu yana hannun EDB tun da suka sayi kamfanin a 2020, da Python aka rubuta shi. Tunaninsa daban ne, na'ura guda ce ke zaune gefe tana jawo bakof na sabobi da yawa, ka ce mata kana son iya komawa ko'ina cikin mako huɗu da suka wuce ta kula da sauran. Tana iya karɓar WAL kai-tsaye, har a saita yadda komit ba zai kammala ba sai ta amsa, asara ta zama sifili, a madadin haka kowane rubutu zai ɗan jira ta. In kana da rumbuna ashirin da mutum guda mai lura da su, ya dace da kai. In rumbu ɗaya ne, ka ƙara wa kanka na'urar da ita ma sai an yi renonta.

WAL-G kuwa magajin WAL-E ne, an fara shi a Citus Data a 2017, fayil guda ne na Go, ka ba shi adireshin ma'ajiyar gajimare da makulli ya kama aiki, shi ya sa masu gudanar da manhaja a kwantena irin na Docker ke son sa. Yana kuma yi wa MySQL da MongoDB aiki. Sharewar tsofaffi dai kai za ka tsara lokacinta. Tunda an ambaci MySQL, can kundi biyu ne, wanda InnoDB, injin ajiyarsa, ke farfaɗowa da shi daban, PITR kuma da binlog ake yi, kar ka ɗauki tunanin nan ka kai can kai-tsaye.

Wanda ke kan Amazon RDS, inda Amazon ke riƙe maka rumbun, an ɗauke masa yawancin wannan, suna tura kundin duk minti biyar, kana iya komawa baya har kwana 35 in ka saita haka. Sai dai dawowar sabuwar saba take haifarwa da sabon adireshi, kuma bakof ɗin na zaune a asusu ɗaya da rumbun, wanda ya sami ikon goge wannan yana iya goge wancan. Ko a can zan ajiye pg_dump a wani wuri da ba ruwansa da asusun.

To wanne za ka ɗauka? In rumbun 'yan gigabait ne, kuma asarar aikin yini ba za ta kashe kowa ba, pg_dump kowane dare zuwa wata na'ura daban ya isa, kar wani ya sa ka jin kunya. Da zarar akwai kuɗin mutane ko odarsu a ciki, ko lodawa ta fara wuce abin da za a iya jira, ka tsallake zuwa pgBackRest kai-tsaye, ko Barman in sabobin da yawa, ko WAL-G in komai naka a gajimare yake, ka duba dai ana ci gaba da fitar da sabbin sigogin wanda ka zaɓa kuma yana tafiya da sigar PostgreSQL ɗinka. Tsakiyar nan ta cp da cron ita ce ba na ba kowa shawara, tana da kyau ka yi ta sau ɗaya a na'urar gwaji don ka gane yadda abin ke tafiya, amma a wurin aiki tana ba ka duk nauyin PITR ba tare da kariyarsa ba. Ka bar pg_dump na mako-mako a gefe ko da ka koma ɗayansu.

Kowanne ka ɗauka, ka sa wata na'ura ta riƙa dawo da bakof da kanta lokaci-lokaci, ta tayar da shi zuwa wani lokaci na jiya, ta ƙirga layukan manyan tebura, ta rubuta minti nawa abin ya ci, wannan adadin shi za ka faɗa in an tambaye ka yaushe za a dawo. Ƙararrawar kuma ka ɗaura ta a kan rashin jin labarin nasara, ba a kan zuwan saƙon faɗuwa ba. In ka rufe bakof da makulli, ka ajiye makullin da fayil ɗin saiti a wani wuri da ba kan sabar rumbun ba, don pgBackRest ba zai buɗe maka ko fayil ɗaya ba in babu shi.